Lester Young, Mai Busan da Aka Ce Muryarsa Ta Yi Laushi

Mutumin da za mu ba da tarihinsa a wannan fili baƙar fata ne ɗan Amurka, sunansa Lester Young. Sana'arsa busa ce. Ya rasu tun a shekarar 1959, kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, yana da shekara 49 kacal, amma har yau masu koyon abin busan da ake kira saksofon suna zama su haddace abin da ya busa kamar yadda yara ke haddace karatu. Mun san da yawa daga cikinmu a nan Gezawa da ƙauyukan kewaye ba su taɓa jin sunansa ba. To, ku biyo mu a hankali.

Bari mu fara da abin busan kansa. Wani Bature ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Sax ne ya ƙera saksofon, ya yi masa rajista a 1846. Da tagulla ake yin sa, a lanƙwashe kamar lofe, da maɓallai jere a jikinsa. A bakinsa akwai ɗan siririn harshe na kara wanda yake rawa idan an hura iska, shi ne ke ba da murya. A nan ne ya haɗa dangi da algaitar da muke ji a ƙofar hakimi, sai dai algaita harshe biyu gare ta, shi kuwa ɗaya. Akwai manya akwai ƙanana, sunayensu kuma irin na muryoyin ƙungiyar mawaƙa ne a majami'a, akwai alto, akwai tena, akwai bas. Tena ce Lester ya riƙe har ƙarshen ransa.

An haife shi ranar 27 ga Agusta, 1909, a wani ƙaramin gari mai suna Woodville a jihar Misisifi, ƙasar noman auduga a kudancin Amurka. Shekara 44 ke nan da hana bauta a ƙasar, watau a lokacin akwai tsofaffi da yawa da aka haifa bayi. Ya yi ƙuruciyarsa a gefen birnin Niyu Olins, inda kiɗan jaz ya tsiro daga waƙoƙin aikin gona, da waƙoƙin ibada na bayi, da badujalar sojoji. Mahaifinsa, Willis Handy Young, malamin kiɗa ne wanda ya iya kayan kiɗa iri-iri. Da Lester ya kai kimanin shekara 10 sai iyayensa suka rabu, uban ya ɗauke shi tare da ƙanwarsa Irma da ƙanensa Lee, ya kafa ƙungiyar makaɗa ta 'yan gida ɗaya, suna bin gari-gari suna wasa a cikin manyan tantuna. Daga baya suka yi mazauni a Minneapolis, can arewa inda sanyi yake da tsanani.

Da ganga ya fara. Ya bar ta ne, in ji shi, domin kafin ya gama kwance gangunan ya ɗaure bayan an tashi daga wasa, sa'o'insa duk sun watse sun bar shi. Sai ya koma busa. Kunnensa yana da kaifi ƙwarai, abin da ya ji sau ɗaya zai maimaita shi, saboda haka ya daɗe yana ɓoye wa mahaifinsa cewa bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Ranar da asirinsa ya tonu, uban ya fitar da shi daga ƙungiyar, ya ce ba zai dawo ba sai ya koya. Yaron ya koya, ya dawo, har ya riƙa gyara wa waɗanda suka yi masa dariya. Amma zafin korar bai bar zuciyarsa ba, yana ba da labarin har ya manyanta. Iyaye da malaman mawaƙa, horon ya yi amfani, tabon kuma ya zauna, kowa ya auna da kansa.

A 1927, yana da shekara 18, ya rabu da ƙungiyar mahaifinsa. Dalili shi ne an shirya tafiya wasa zuwa jihohin kudu, inda dokar wariyar launin fata ta hana baƙi cin abinci, ko kwana, ko shan ruwa a inda farare suke. Lester ya ƙi zuwa. Daga nan ya shiga yawon neman abinci da ƙungiyoyi dabam-dabam a tsakiyar ƙasar. Tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, aiki ya yi wuya. Wata ƙungiya da ya shiga mai suna Blue Devils ta tsiyace a hanya a 1933, har aka riƙe musu kayan busa saboda bashi, suka koma gida a ɓoye cikin taragun jirgin ƙasa na kaya.

Birnin Kansas ne ya karɓe shi. A lokacin gwamnatin Amurka ta haramta sayar da giya tun 1920, amma wani uban siyasa mai suna Tom Pendergast da ke riƙe da birnin ya kau da kai, gidajen rawa suna buɗe har wayewar gari. Wannan ya ba makaɗa aiki a lokacin da wasu garuruwa babu. A nan kuma ya zauna cikin giya dare da rana, abin da za mu sake komawa kansa a gaba.

A zamanin nan sarkin tena ɗaya ne, Coleman Hawkins, na ƙungiyar Fletcher Henderson ta birnin Niyok. Muryar busansa kakkaura ce, mai nauyi, mai karkarwa, tana cika ɗaki. Duk yaron da ya ɗauki tena so yake ya yi irinta. A ƙarshen 1933 Hawkins ya biyo ta Kansas, ya shiga wani gidan rawa mai suna Cherry Blossom, aka yi gasar busa tsakaninsa da samarin garin. Wata makaɗiyar fiyano, Mary Lou Williams, ta ba da labari cewa da asuba aka zo aka tashe ta daga barci domin masu fiyanon duk sun gaji, ta tarar Hawkins ya tuɓe riga yana fama da Lester, bai iya kayar da shi ba. Labarin ya bazu. Da Hawkins ya tafi Turai a 1934, sai Henderson ya aika wa Lester ya zo ya maye gurbinsa.

Wannan ita ce babbar dama, ita ce kuma ta zama masa baƙin ciki. Muryar Lester ba irin ta Hawkins ba ce ko kaɗan. Siririya ce, mai laushi, ba ta karkarwa sosai, kamar mutum yana yi wa abokinsa magana a inuwa. Ya ce ya koyi wannan ne daga faifan wani Bature mai busa, Frankie Trumbauer, wanda yake yawo da shi a akwatinsa tun yana saurayi. 'Yan ƙungiyar Henderson suka ce wannan ba tena ba ce. Suna gunaguni a bayansa, suna so a kawo wani. Matar Henderson, Leora, takan tashe shi da safe ta sa masa faifan Hawkins a garmaho domin ya saurara ya kwaikwaya. Lester yakan zauna ya ji, ba ya musu, amma bai sake muryarsa ba. Bayan 'yan watanni ya roƙi Henderson takardar shaida cewa ba korarsa aka yi ba, ya tattara kayansa ya koma Kansas.

A ganinmu wannan shi ne wurin da ya fi nuna halin mutumin. Saurayi ne ɗan shekara 24, ba shi da suna, ba shi da kuɗi, ya sami gurbi a ƙungiyar da kowa ke mafarkin shiga. Abin da ake nema a wurinsa kawai ya ƙara ƙarfin busa ya yi kamar wani, kuma da irin kunnensa ba zai gagare shi ba. Da ya yarda, da ya ci abinci, da kuma ba mu san shi ba yau. Mu ma a ƙungiyoyin mawaƙanmu mun san yadda ake tura mai siririyar murya layin baya, a ce ba a jin sa. Wani lokaci kunnen mai sauraro ne bai saba ba.

A 1936 yana cikin ƙungiyar Count Basie a wani ƙaramin gidan rawa mai suna Reno, ana watsa wasansu a rediyo da dare. Wani mai neman makaɗa, John Hammond, ya kama tashar a rediyon motarsa a Shikago, ya rubuta labarinsu, ya nemo su. A ƙarshen shekarar nan Lester ya shiga ɗakin ɗaukar faifai karo na farko a rayuwarsa, yana da shekara 27. Su biyar ne masu kiɗa, suka ɗauki waƙoƙi huɗu. Saboda Basie ya riga ya sa hannu da wani kamfani, sai aka fitar da faifan da sunan aro, Jones-Smith Incorporated. Ɗaya daga ciki, Lady Be Good, har yanzu ana koyar da busan da Lester ya yi a cikinta a makarantun kiɗa.

Mene ne ya yi da ya bambanta? A kiɗan jaz, ƙungiya takan fara da karin waƙar da kowa ya sani, sa'an nan a bar mutum ɗaya ya ƙirƙiri nasa karin nan take a kan wannan tubali, sauran suna riƙe masa kiɗa. Wanda ya saurari Alhaji Mamman Shata yana zuba baiti daga kansa a kan kalangu, 'yan amshi suna riƙe da gindin waƙa, ya gane abin da muke nufi. Hawkins yakan cika kowane gurbi da sauti, yana hawa yana sauka. Lester kuwa yakan ja dogon zare guda, ya bar sarari, ya yi shiru inda ake zaton zai yi magana, ya shigo a ɗan makare kamar wanda ba ya sauri. Wani lokaci sauti ɗaya zai maimaita, yana sauya masa launi da yatsunsa. Ya kuma riƙe cewa mai busa ya kamata ya san kalmomin waƙar da yake busawa ko da ba zai rera su ba. Wannan magana ta shafi kowane mai kiɗa a cikin sujada. Faifan wancan zamani kimanin minti uku ne a kowane gefe, rabon Lester a ciki sau da yawa bai kai minti ɗaya ba, a ciki yake faɗin abin da zai faɗa ya gama.

Daga 1936 zuwa ƙarshen 1940 yana tare da Basie, a tsakiyar zamanin da ake kira suwing, lokacin da manyan ƙungiyoyi masu mutum 14 ko fiye suke cika zaurukan rawa. Basie ya ajiye masu tena biyu, Lester da Herschel Evans mai bin salon Hawkins, yana haɗa su kamar 'yan kokawa. Jama'a sun ɗauka abokan gaba ne, alhali aminai ne. Evans ya rasu a 1939 da ciwon zuciya yana da shekara 29, Lester ya ji mutuwar ƙwarai.

Akwai wani taro da ya kamata mu ambata. Ranar 23 ga Disamba, 1938, Hammond ya shirya wasa a zauren Carnegie a Niyok, inda aka fi jin kiɗan Turai, domin ya nuna hanyar da kiɗan baƙaƙen Amurka ya biyo daga waƙoƙin ibada zuwa suwing. Mawaƙan bishara irin su Mitchell's Christian Singers da Sister Rosetta Tharpe suka hau dandamali ɗaya da ƙungiyar Basie, baƙi da farare kuma suka zauna a gauraye. Masu ibada da yawa a can ba sa son a haɗa waƙar Allah da ta gidan rawa, muhawarar da mu ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Amma wanda ya saurara zai ji kira da amshi iri ɗaya a duka biyun.

A waɗannan shekaru ne ya yi faya-fayai da mawaƙiya Billie Holiday, farawa daga 1937. Tana rerawa, yana bin ta a baya da busa a hankali, har mutum ya rasa inda muryar ta tsaya busan ya ɗauka. Abota ce ta ɗan'uwa da 'yar'uwa. Shi ya sa mata laƙabin Lady Day, ita kuma ta sa masa Prez, watau shugaban ƙasa, domin a wurinta babu wanda ya kai shi. Mutum ne mai kunya, mai magana ƙasa-ƙasa, da wasu kalmomi nasa na kansa da sai na kusa da shi ke ganewa. Yakan riƙe saksofon a karkace, yana sanye da wata baƙar malafa mai shafaffen kai wadda ta zama alamarsa.

Sai yaƙin duniya na biyu ya iso kansa. A watan Satumba na 1944 aka ɗauke shi soja dole, yana da shekara 35. Wasu shahararrun makaɗa farare an ba su ƙungiyoyin kiɗa su jagoranta a cikin soja. Lester ba a sa shi a badujala ba, aka tura shi horon sojan ƙasa a barikin McClellan a jihar Alabama, cikin kudun nan da ya guje wa tun yana ɗan shekara 18. Ya ji rauni a wajen horo, aka kwantar da shi asibiti. A watan Fabrairu na 1945 aka sami tabar wiwi da ƙwayoyi a kayansa. Bai yi musu ba, ya gaya wa kotun soja cewa ya daɗe yana sha. Aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, aka kai shi kurkukun soja a jihar Jojiya, aka sallame shi da takardar kora ta wulaƙanci a ƙarshen 1945. Ba za mu wanke shi daga laifin shaye-shaye ba, shi ma bai wanke kansa ba. Amma wanda ya ɗauki mutum mai rauni irin wannan, ya raba shi da abu ɗaya da ya iya, ya jefa shi hannun masu raina fatarsa, shi ma yana da nasa alhakin. Da ya fito ya tsara wani kiɗa ya sa masa sunan gidan yarin, D.B. Blues, ya kuwa sami kasuwa.

An daɗe ana cewa daga nan busansa ya mutu. Wannan magana ta yi yawa. A shekarun da suka biyo baya ne ya fi samun kuɗi, yana zagaya Amurka da Turai cikin wasannin da Norman Granz yake shiryawa, mutumin da ya ƙi yarda a raba wa baƙi da farare wurin zama. Ya yi aure, ya sami gida a unguwar St. Albans a Niyok, ya haifi 'ya'ya. Muryar busan ta ƙara duhu da nauyi, ta rage gudu, wasu masu sauraro ma sun fi son ta haka. Abin da ya lalace shi ne jikinsa. Giya ta ƙaru, abinci ya ragu, ya ƙara janyewa daga mutane. A ƙarshen 1955 aka kwantar da shi a asibiti. Da ya fito ya huta, a watan Janairu na 1956 ya yi faya-fayai da mai fiyano Teddy Wilson waɗanda suka nuna cewa idan yana da lafiya gwanintar tana nan daram.

Wani abin da ya dame shi kuma shi ne 'ya'yan da busansa ya haifa. Charlie Parker, wanda daga baya ya sauya jaz gaba ɗaya, ya kwashe daminar 1937 yana haddace busan Lester daga faifai. Dexter Gordon ya ɗebo daga wurinsa. Samari farare irin su Stan Getz da Zoot Sims sun ɗauki wannan murya mai laushi, wadda aka ƙi a 1934, ta zama abin yayi. Wani ma, Paul Quinichette, ya kwaikwaye shi har aka yi masa laƙabi da mataimakin shugaban ƙasa. Lester yakan shiga gidan rawa ya ji kansa yana fitowa daga bakin wani, wasunsu kuma suna samun kuɗi fiye da shi. Manomin da ya ga irin geronsa ya cika gonakin gari alhali rumbunsa da sauran wuri, zai fahimci wannan.

A watan Disamba na 1957 aka tara manyan makaɗan jaz a wani shirin talabijin. Lester ya zo ba shi da ƙarfi, a zaune yake, tsakaninsa da Billie Holiday kuma an yi shekaru ba a jituwa sosai. Da aka zo waƙarta, Hawkins yana nan, Ben Webster yana nan. Da lokacin Lester ya yi sai ya miƙe ya busa zagaye ɗaya tak, ƙasa da minti guda, a hankali, babu ado. Na'urar ɗaukar hoto ta juya kan fuskar Billie, tana kallonsa tana gyaɗa kai tana murmushi. Hoton yana nan a intanet, mai waya zai iya nemansa da sunan shirin, The Sound of Jazz.

A 1958 ya bar gidansa ya koma wani ɗaki a otal ɗin Alvin, yana zama bakin taga yana kallon ƙofar gidan rawa na Birdland, yana sauraron faya-fayan Frank Sinatra. A farkon 1959 ya tafi Faris ta ƙasar Faransa yin wasa na 'yan makonni, yana sha ba ya ci. A cikin jirgin sama na dawowa ya fara zubar da jini a ciki. Ya isa ɗakinsa, ya rasu kafin gari ya waye ranar 15 ga Maris, 1959. Aka binne shi a maƙabartar Evergreens a Brooklyn. Billie Holiday ta halarci jana'izar, ita ma ta bi shi ranar 17 ga Yuli na wannan shekara, tana da shekara 44. Wata biyu bayan rasuwarsa, Charles Mingus ya ɗauki wani kiɗan makoki da ya tsara na ban kwana da baƙar malafar nan.

Ƙanensa Lee ya daɗe yana kaɗa wa Nat King Cole ganga, ya rayu har 2008. Ɗansa, Lester Young ƙarami, bai bi sana'ar busa ba, aikin koyarwa ya shiga. A 2021 aka zaɓe shi shugaban majalisar da ke kula da ilimi a jihar Niyok, baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera.